Hamsin-Hamsin a Rigasa: Yadda Muka Fita Daga Gidan Haya

Wata Juma'a ce cikin Nuwamban 2021. Na dawo daga masallaci na tarar da ɗan mai gidanmu zaune kan benci a zaure. Muka gaisa, ya miƙo mini takarda a ninke. Ciki da falon da muke biyan dubu ɗari da ashirin a shekara a Tudun Wadar Kaduna ya koma dubu ɗari da tamanin, kuma da baki ya ƙara da cewa Alhaji yana tunanin rushe gidan nan gaba ya zuba shaguna. Shekararmu tara a gidan. Can aka yi sunan 'ya'yana uku. Ni na sake ƙofar banɗaki da kuɗina, ni na yi wa tsakar gida daɓen siminti, amma a ranar na tabbatar ko ƙusa ɗaya ba tawa ba ce.

Da dare maiɗakina ta bari yara suka yi barci, sannan ta ɗauko littafin adashinta ta ajiye a gabana. Ɗinki take yi a gida, ni kuma malamin sakandare ne. Ta ce, "Malam, kwasata a Fabrairu take. Ka haɗa da abin da ke hannunka mu nemi fili, ko ƙafa hamsin-hamsin ne. In dai namu ne, ko ɗaki ɗaya muka yi mun huta."

Ba maganarta kaɗai ce ta tura ni ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, kuma yana da gidansa mai ɗaki huɗu a hayin kudu. Bayan rikicin shekarar 2000 ya sayar da shi a kuɗin da bai kai rabin darajarsa ba, muka tsallako gada muka kama haya. A makon da muke kwashe kaya, wani abokin aikinsa Kirista shi ma yana kwashe nasa daga Rigasa zuwa Sabon Tasha, shi ma da asara. Masaƙun suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, kuɗin gidan ya tafi a cefane da kuɗin makaranta, Baba ya rasu a gidan haya. Duk wanda bai san wannan ba, ba zai gane yadda ake neman muhalli a Kaduna ba. Kafin mutum ya tambayi nawa ne, ya riga ya yanke a ransa wane gefen kogi zai kwana. Abin yana yi mini ciwo har yau, don a Kakuri na yi firamare kuma ina da abokai a can, amma haka na tarar da garin, kuma a kan haka na yi lissafina.

Lissafin bai ɗauki dogon lokaci ba. Unguwar Rimi da Malali da Unguwar Sarki ba na mai albashi irina ba ne. Kawo da Unguwar Dosa da Badarawa sun cika, sai dai ka sayi tsohon gida ka rushe, kuma tun da aka fara aikin sabunta birni a 2019, duk inda sabuwar kwalta ta ratsa farashi ya tashi ya bar mu a ƙasa. Na je Millennium City sau biyu, ta wajen Ɗanbushiya. Wurin ya burge ni: fili a shimfiɗe, tituna masu faɗi, iska. Sai dai makarantar da nake koyarwa tana yammacin gari, mahaifiyata tana Tudun Wada, kuma kuɗin mota kullum da safe da yamma zai cinye abin da na ce na tsira da shi daga haya. Rigachikun ma haka. Sai hankalina ya koma Rigasa.

A takarda Rigasa tana ƙarƙashin ƙaramar hukumar Igabi, amma duk wanda ya tsaya a Bakin Ruwa da ƙarfe bakwai na safe ya ga yadda mutane ke kwararowa kan baifas, a keke da babur da ƙafa, ya san nan ne rabin ƙarfin Kaduna yake kwana. Tela, kafinta, direba, ɗan kasuwar Panteka, malamin makaranta, mai gadi a gidajen manya, duk can suke komawa. Tun da jirgin ƙasa na Abuja ya fara jigila a Yulin 2016, aka kuma gyara hanyar da ta nufi tasha, sunan unguwar ya canza a bakin dillalai. Kowane fili suka nuna maka, sai su ce minti biyar ne zuwa tasha.

Dillalan na same su inda kowa ke samunsu, a rumfa bakin titi, kan benci, babura a jere. Ƙa'idar da suka gaya mini tun farko ita ce la'ada kashi biyar cikin ɗari daga wajen mai saye, kuma duk fita ni zan zuba wa babur mai. Abin da ba su gaya mini ba, sai daga baya na gane, shi ne wanda ya ɗauke ni sau da yawa bai ma san mai filin ba. Ya san wani, wanin ya san wani, sai na ukun ne ya san mai abu. Kowa a cikin wannan sarƙa yana ɗora nasa a kan farashi. Ban ce dukkansu haka suke ba, akwai dattawa a cikinsu da za su ce maka kai tsaye, "Wannan ba na ba ka shawarar ka saya." Amma ni da na fara faɗawa hannunsa ba irinsu ba ne.

A tsakiyar Fabrairun 2022, hazo ya rufe gari, ya kai ni wani wuri can gangare. Fili ne hamsin da ɗari, shimfiɗaɗɗe, yashi fari tas, ga gidaje a gefe, ga turakun wuta ba nisa. Dubu ɗari tara. A wannan kuɗin, sauran wuraren da muka zaga rabinsa ake ba ni. Ya ce mai shi matsuwa ce ta kama shi, zai aurar da 'ya, kuma akwai wani mutumin Abuja da zai zo ranar Asabar da kuɗi a hannu. Zuciyata ta riga ta gina gida a wurin, har na ga inda maiɗakina za ta ajiye keken ɗinki. Washegari na kai kafin alƙalami dubu ɗari, aka rubuta mini a fallen takarda.

Kwana uku bayan haka na koma ni kaɗai bayan la'asar, don in auna da ƙafa in ga ta ina ƙofa za ta kalla. Wata tsohuwa tana suyar awara a ƙofar gidan da ke kallon filin. Na gaishe ta, ta amsa, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ɗan nan, kai ne za ka sayi tafkin?"

Na ce, "Wane tafki, Inna?"

Ta sauke matsamin, ta goge hannu da gefen zane, ta ce in biyo ta. Ta kai ni jikin wani kango da ke maƙwabtaka da filin, ta ɗora yatsa a kan bulo. Akwai wani layi a jikin bangon, miƙaƙƙe kamar da igiya aka ja shi, ƙasansa ja-ja-ja, samansa kalar siminti. Ya kawo mini ƙugu. Ta ce, "Nan ya tsaya bara. Bariya ya fi haka." Daga nan idona ya buɗe. Sai na ga dokin ƙofar kowane gida a layin an ɗaga shi da bulo uku, sai an taka matakala a shiga. Na ga ruɓaɓɓun buhunan yashi a gindin katangu. Na ga yashin nan fari da ya burge ni, ashe ruwa ne ya kwaso shi ya zube. Duk waɗannan suna nan ranar da na zo da dillali, surutunsa ne da zumuɗina suka rufe mini ido.

Duk shekara, in Agusta da Satumba suka zo, muna jin labarin Rafin Guza da Bashama Road da gangaren Kigo Road a rediyo, inda kogin Kaduna ke shiga gidajen mutane. Ban taɓa kawowa a raina cewa ƙaramin rafin da ya ƙafe da rani, nesa da babban kogi, zai iya yin irin wannan ɓarna ba. Sai da aka yi wata biyu ana kai ruwa rana, da sa bakin dattawan rumfar, kafin aka dawo mini da dubu saba'in. Talatin ta tafi. Da na gaya wa maiɗakina, shiru ta yi, can ta ce, "Allah ya sa iyakar ta ke nan. Ka kai wa tsohuwar nan sabulu da atamfa." Na kai.

Ana cikin haka aka kai wa jirgin Abuja hari a daren 28 ga Maris 2022, aka kashe mutane aka tafi da wasu daji. Jirgi ya tsaya, bai dawo ba sai Disamba. Rigasa ta yi tsit ta fuskar cinikin fili. Masu gidaje a can bakin daji, inda dama ana fama da masu satar mutane, suka fara neman kai da su, dillalai suka yi ta kirana da farashin da ban taɓa ji ba. Na je na ga biyu. Gidaje ne masu kyau, an yi filasta an yi fenti, amma layin gaba ɗaya mutum biyu ne ke kwana, kuma da magariba ko mai shayi babu. Na ce wa kaina arha ba ta kai ran yara ba. Daga lokacin na daina tambayar nisan wuri da tasha, na koma tambayar ko akwai masu kwana hagu da dama, ko masallacin layin yana cika da asuba, da kuma ta ina ruwa ke bi.

Na dakata da neman har damina ta kankama. Wannan shawarar Kawuna ce, ƙanin mahaifiyata, wanda ya yi shekara talatin yana aikin rubutu a kotu kafin ya yi ritaya. Ya ce, "Fili da mace ɗaya suke, ba a ganinsu ranar kwalliya kawai." Ranar da aka nuna mini wanda na saya, cikin Agusta ne, an kwana ana ruwa. Na ajiye babur a bakin kwalta, na naɗe ƙafar wando, na taka har wurin. Minti goma sha biyu. Layi ne a bayan Makarfi Road, a kan ɗan tudu, jar ƙasa mai tsakuwa. Ruwan da aka kwana ana yi ya wuce abinsa, ko kwanciya bai yi a filin ba. Hamsin-hamsin ne, an taɓa zuba harsashin katanga a gefe biyu, gidaje uku na kewaye da shi kuma duk da mutane a ciki, ana jin kukan yara da ƙarar turmi. Miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu. Ya fi ƙarfin abin da muka tara, amma na ji a jikina nan ne.

Wannan karon ban ba da ko sisi ba sai da na kawo Kawu. Mai sayarwa magidanci ne mai fara'a, ya ce filin mahaifinsu ne da ya rasu, shi ne babba, kuma 'yan'uwansa duk sun yarda. Ya fito da tsohuwar takardar ciniki da mahaifin nasu ya saya da ita, har da hatimin dagaci. Ni har na gamsu. Kawu ya karanta ta sau biyu, ya ninke, ya ce, "Masha Allah. Marigayi ya bar 'ya'ya nawa?" Ya ce biyar, maza uku mata biyu. "Matarsa fa?" Tana raye. "An raba gadon, ko ba a raba ba?" Mutumin ya ɗan yi jim, ya ce ai a tsakaninsu sun daidaita. Kawu ya ce, "To madalla. Sai mu ji daga bakin kowa. Ka ga ita uwar tana da tumuninta, matan kuma kowace tana da rabin abin da namiji zai samu. In ɗaya ba ta sani ba, ɗan nan nawa ba fili ya saya ba, shari'a ya saya."

Huɗu daga cikinsu da mahaifiyarsu mun same su a cikin gari, suka ce sun sani sun amince. Ta biyar tana aure a Zariya. Yayan ya ce ba sai mun wahala ba, zai kira ta a waya. Kawu ya ce zai fi son wahalar. Ranar Lahadi muka shiga mota a Kawo, ni da shi. Mijinta ya yi mana iso, ta zauna daga bayan labule. Kawu ya yi mata ta'aziyyar mahaifinta duk da shekara huɗu da rasuwar, sannan ya faɗi abin da ya kawo mu. Shiru ya yi tsawo. Da ta yi magana muryarta na rawa, ta ce, "Baba, wallahi yau na fara jin za a sayar da filin nan." Ba ta yi faɗa ba, ba ta zagi kowa ba. Ta ce ba ta ƙi ba, ita ma tana da buƙata, amma a faɗa mata kuɗin, a lissafa nata a gaban malami, kuma ya shiga asusunta ba ta hannun kowa ba. A hanyar dawowa Kawu bai ce mini komai ba har muka wuce Jaji. Can ya ce irin wannan ƙarar ya rubuta ta fi a ƙirga, kuma yawanci sai mai saye ya gama gini ya tare sannan sammaci yake zuwa.

Daidaita magadan ya ci mako shida, kuma a cikinsa yayan ya ƙara dubu ɗari a kan farashi, wai don ɓata masa lokaci da aka yi. Na ji zafin abin, amma na biya. Maiɗakina ta sayar da 'yan kunnen gwal ɗin da aka yi mata na aure, ni kuma na karɓi rance a ƙungiyar adashin gata ta malamai. A wannan tsakanin na ɗauko safiyo ya zo da na'urarsa ya ɗauki lambobin kusurwa huɗu, don a duba a taswirar gwamnati ko wurin ya faɗa cikin hanyar da aka tsara, ko ƙarƙashin babban layin wuta, ko filin makaranta ko maƙabarta. Yawancin filayen Rigasa awon igiya ne, wato gonaki ne da masu su suka yanka suka sayar, ba gwamnati ce ta yanka ba. Don haka takardar mai unguwa tana nuna wa ka saya a hannunsa, amma ba ta hana a zo wata rana a shafa maka jan fenti a bango in hanya ta biyo ta kanka. Namu ya fita lafiya.

Ranar ciniki a zauren mai unguwa aka taru bayan sallar azahar. Magada duka, har ta Zariya da mijinta, maƙwabtan filin uku, Kawu, limamin layin, da dillali. Kafin a rubuta komai mai unguwa ya ce a tashi a je wurin. Aka ja tef a gaban kowa. Ta gabas ya cika hamsin, ta arewa ya ba da arba'in da takwas, don maƙwabcin ya ɗan shigo da katangarsa shekarun baya. Aka fara ɗaga murya. Mai unguwa ya ɗaga hannu ya dube ni ya ce, "Malam, za ka karɓa a haka, ko a rushe wa maƙwabcinka katanga tun kafin ka tare?" Na ce, "Ranka ya daɗe, na karɓa a haka, amma a rubuta arba'in da takwas." Aka rubuta. Mutumin nan yau shi ne ya fi kowa kula da gidana in na yi tafiya. Aka kafa bulo a kowace kusurwa, muka koma zaure. Lauya ya riga ya shirya yarjejeniya, aka karanta ta aka fassara da Hausa, masu sa hannu suka sa, tsohuwar ta dangwala yatsa. Kuɗin ta banki na tura, kowane magaji nasa, don ya zama akwai shaida. Na biya la'ada da kuɗin shaida, aka raba goro da dabino, liman ya yi addu'a. Daga baya aka kai takardar gaban dagaci da hakimi aka buga hatimi.

Cikin mako guda na sa aka ɗaga katanga layi huɗu aka kewaye. Fili a buɗe a unguwa irin wannan, in bai zama juji ba, to wani zai iya nuna wa wani shi a matsayin nasa.

Sai maganar takardar gwamnati, wadda mutane da yawa a layinmu har yau suke ganin ɓata kuɗi ce. Ni ban ga haka ba. Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna a matsayin amana, kuma abin da mutum yake samu shi ne izinin zama, wanda na gidan kwana yawanci shekara 99 ne. Takardar shaidar wannan izini ita ce kowa ke kira C of O. A Kaduna hukumar KADGIS ce ke wannan aiki, wadda aka kafa zamanin gwamna Nasiru El-Rufa'i, ofishinta na kan titin Ali Akilu. Na cika fom, na haɗa hotuna da katin ɗan ƙasa da yarjejeniyar ciniki da tsohuwar takardar marigayi. Sau biyu na koma gida na sake shiri saboda abu ɗaya: yadda aka rubuta sunan mahaifina a yarjejeniya ya bambanta da na katin ɗan ƙasa da harafi biyu. Sai da na koma wajen lauya aka gyara, na sake bin shaidu. Duk mai shirin saye, ya ajiye katinsa a gaban mai rubutu a kwafa harafi da harafi. Bayan nan aka zo aka duba wurin, aka ba ni lissafin abin da zan biya ta banki, har takarda ta fito. Zanen ginin kuma na kai KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, don izinin gini. Ranar da na karɓo satifiket ɗin, a cikin leda biyu na naɗe shi na sa a ƙasan akwatin maiɗakina, kwafinsa kuma yana wajen Kawu.

Ginin shi ne ya fi komai jan rai, don ya faɗo a shekarun da kuɗi ya lalace a hannun kowa. Lokacin da na zuba harsashi a ƙarshen 2022, buhun siminti yana dubu huɗu da 'yan kai. A farkon 2023 aka shiga ƙarancin takardun kuɗi saboda canjin naira. Leburori ba sa karɓar tiransifa, don da yamma garin tuwo za su saya, sai in yini a layin banki in fito da abin da bai isa sallamar mutum uku ba. Aiki ya tsaya. A ƙarshen Mayu aka cire tallafin mai, kuɗin tifar yashi da na tsakuwa suka tashi. Zuwa Fabrairun 2024 siminti ya haura dubu goma, a lokacin muna daf da linta. Wata huɗu ban je wurin ba, don ganin kangon yana sa ni baƙin ciki. Birkilan da ke mini aiki, dattijo ne mutumin kirki, shi ya zo har makaranta ya same ni ya ce, "Malam, ka bar maganar ɗaki uku. Mu rufe biyu da falo, ka shiga. Gini da mutum a ciki ya fi saurin ƙarewa, kuɗin hayar nan da kake kai wa wani shi ne simintinka." Haka muka yi. Duk wata in albashi ya shigo, buhu biyar ko bandir ɗin kwano rabi, ko rodi 'yan ƙwarori. Abu ɗaya na ƙi yarda a yi masa ƙwauro, shi ne ramin sokawe. Na sa aka yi shi can kusurwar da ta fi nisa da rijiyar maƙwabci, aka ɗaure shi da bulo mai inci tara.

Mun tare a Disamban 2024, bango ba filasta ta waje, tagogin falo da labulen buhu. Zaman Rigasa yana da nasa nauyin, kuma gara mai zuwa ya sani. Ruwan famfo bai zo layinmu ba. Daga bohol ɗin wani bawan Allah muke ja da tiyo muna biya duk wata, in ba wuta kuma sai 'yan garuwa. Taransifoma in ta ƙone, karo-karo ake yi gida-gida. Akwai kuɗin 'yan sintiri duk wata, kuma ba na jin ƙyashin biyansa, don ina jin usur ɗinsu ƙarfe biyun dare. Da safe in ban fita kafin bakwai saura kwata ba, cunkoson Bakin Ruwa zai sa in makara. Amma kuma maiɗakina ta fi samun ɗinki a nan fiye da Tudun Wada, don layin cike yake da amare da masu jego, kuma duk abin da ake nema na cefane yana nan a bakin titi har goman dare.

Masu tambayata ko sayen fili a Rigasa riba ne, ina gaya musu abin da na gani. Kwanan baya wani dillali ya taya irin filina, wanda ba gini, a kan abin da ya ninka kuɗin da na biya. Sai dai in ka auna da buhun siminti ko buhun shinkafa, ribar ba ta kai yadda take a baki ba. Inda na ga kuɗi yana zama da gaske shi ne bakin kwalta, inda ake fasa ɗakin zaure a mai da shi shago, da kuma gidajen haya na ciki da falo, waɗanda tun ba a gama fenti ba sabon ango ya kawo kuɗin shekara. Mutane ba za su daina zuwa ba, daga cikin gari da haya ta kora, da kuma daga ƙauyukan Birnin Gwari da Giwa da Igabi da rashin tsaro ya tasa. Abin da ke damuna shi ne yadda ake yanka wurin. Mai gona yana son ya fitar da fuloti ko ɗaya ne ƙari, sai ya matse layi har mota biyu ba sa wuce juna, ba a bar wurin makaranta ba, ba na asibiti, ba hanyar kwata. A layin bayanmu akwai gidan da rijiyarsu da masan maƙwabci taku biyar ne tsakani. Mu a namu layin mun yi gayya Asabar uku muka haƙa kwata, yanzu muna tara kuɗin kwalbati a mashigar layi.

A Satumban da ya wuce na bi ta gangaren nan na farko, don in gaida tsohuwar mai awara. An yi ruwa kwana biyu kafin nan. Filin da na kusa saye an gina shi, ɗaki biyu da kwano sabo fil. Katifu uku suna shanye a kan katanga, wata mata tana kwarfe ruwa daga falo da roba, yara biyu zaune kan buhun kaya a bisa tebur. Sabon layi ya fito a jikin bangonsu, ɗan ƙasa da taga. Na tsuguna na gaida Inna, na nuna gidan da ido. Ta juya awararta a mai, ta ce, "Shi ma na gaya masa, ɗan nan. Amma shi ya riga ya biya duka kafin ya zo."